Renon tumatir a tsakiyar marka: bana haƙata ta cim ma ruwa

Jama'a masu lambun bayan gida, barkanmu da war haka. Yau da farin ciki nake rubutu. Renon tumatirina ya tsallake. Ya fitar da ganye na huɗu, karan ya yi kauri ya yi gashi-gashi, kuma ko ƙwara ɗaya ba ta kwanta ba tun da ya tsiro. Wanda bai taɓa zuba irin tumatir a watan Agusta a Zariya ba zai ce mene ne abin murna a nan. Wanda ya taɓa kuwa ya san abin da nake nufi.

Na san da yawanku sai ruwa ya ɗauke a Oktoba kuke zuba iri, hankalinku kwance. Ni abin da ya sa nake nacewa kan zubin wuri shi ne zafi. Idan rana ta haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, tumatir zai yi fure amma ba zai ƙulla ba, sai furen ya riƙa zubewa. Wanda ya yi dashe a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba zai fara tsinka a Disamba, cikin hunturu, lokacin da shukar ta fi jin daɗi. Wanda ya makara kuwa da zafin Maris zai ci karo, ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Ita ma da zafi take bunƙasa. To amma zubin wuri yana nufin reno zai tashi a cikin marka, a watan da ya fi kowane ruwa a yankin da ke samun kusan milimita 1,000 a shekara. A nan ne ciwon kan yake.

Yadda abin ke zuwa shi ne ke ƙona rai. Iri zai tsiro ras, layi-layi, kore shar. Ka leƙa da yamma komai lafiya. Gari na wayewa sai ka tarar da wani gefe ya kwanta. Ganyen bai yi yaushi ba, bai canza launi ba, amma idan ka ɗaga tsiron za ka ga daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa, kamar an shaƙe shi da zare. Washegari wurin ya faɗaɗa. Kafin ka ankara rabin bedi ya tafi, ragowar kuma ka san jiran layinsu kawai suke yi. Wani ma ba ya kai ga fitowa, a cikin ƙasa yake ruɓewa, sai mutum ya yi ta zargin mai sayar da iri alhali irin lafiyarsa ƙalau.

Ku dai duba da kyau kafin ku yanke hukunci, domin gyare da tsutsar nan mai kwana a ƙasa su ma suna kayar da reno. Nasu yanka ne tsaf, za ka ga karan a guntule, wani lokaci har an ja ganyen zuwa bakin rami. Wanda nake magana a kai ba ya yankewa, tsukewa yake yi.

Da farko na ɗauka ruwan sama ne kawai, don haka na ɗaga bedin ya yi tudu, na kafa masa rumfa da farar leda mai kauri. Ledar nan ta ci min naira 9,000, kuma iskar hadarin farko ta tsage ta a gefe. Mutuwar ta ragu amma ba ta tsaya ba. Iska na kaɗo feshin ruwa ta gefe, ɗigon da ke sauka daga bakin rumfa yana fantsama ƙasa a jikin tsiro. Da na sauke ledar ta rufe gefen kuma sai abin ya ƙazanta: ciki ya zama gumi, da safe ruwa na ɗiga daga rufin, iska ba ta ratsawa. Toka na barbaɗa kamar yadda wani dattijo mai lambu a fadama ya ba ni shawara. Tana busar da saman ƙasa na ɗan lokaci, ruwa na taɓa ta shi ke nan. Maganin feshi na ganye ma bai yi komai ba, kuma ba laifinsa ba ne, tun da ciwon ba a ganye yake ba.

Masu lambu na asali kan tara kara da ciyawa a kan bedi su cinna wuta kafin zubi, kuma dabara ce mai kyau a rani. A marka fa? Karan ma jiƙaƙƙe ne, ƙasar ta sha ruwa ta ƙoshi, zafin bai wuce saman ba. Akwai kuma dabarar shimfiɗa farar leda a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa na mako 4 zuwa 6 rana ta gasa ta. Wannan aikin Maris da Afrilu ne. A Agusta ina ka ga ranar?

Abin da ya buɗe min ido shi ne fahimtar cewa maƙiyin yana zaune a cikin ƙasar tun kafin in zuba iri. Ƙwayoyin cuta ne dangin funfuna, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda masana ke kira Pythium, ita ruwa take so, 'ya'yanta ma iyo suke yi a cikin ruwan da ya kwanta tsakanin ƙasa har su kai ga saiwa. Akwai kuma Rhizoctonia, wadda ta fi son ɗumi da danshi, ita ce ke barin busasshen tabo mai ruwan ƙasa a gindin kara. Maganin da ke kashe ɗaya ba lallai ya taɓa ɗayar ba. Hodar shafa iri kuwa tana kare ƙwayar ne a kwanakin farko, ba ta iya rufe tsiron da ke tsaye cikin caɓi mako guda ana yayyafi. Ga ƙasarmu ta wannan yanki da ɗaurewa: ruwa ya daka ta sai ta yi ɓawo a sama, ƙasan kuma ya riƙe ruwa. Duk abin da cutar ke nema ya samu.

Sai na bar bedin ƙasa gaba ɗaya, na koma turara ƙasa.

Rabin duro na samu, na jera bulo a ciki, na ɗora faifan ƙarfe mai huji, na zuba ruwa ƙasa da faifan yadda ba zai taɓa ƙasar ba. Ƙasar kuma na yayyafa mata ruwa ta yi danshi, domin busasshiya ba ta ɗaukar zafi sosai, na zuba a buhun algarara na ɗora, na rufe bakin duron da wani buhun da murfi. Abin da ake nema shi ne tsakiyar ƙasar ta kai digiri 70 zuwa 80 ta zauna a haka kamar minti 30. Ni ba ni da ma'aunin zafi, don haka na binne ɗan matsakaicin dankalin Turawa a tsakiyar buhun. Idan ya nuna, ƙasar ta yi. Kada ku cika buhun dam, tururin ba zai ratsa ba, gefe zai yi zafi tsakiya na nan da sanyinta. Kuma tururi nake nufi, ba suya a busasshen kasko ba. Idan zafin ya wuce kima takin da ke ciki yana ƙonewa ya saki abin da ke ƙona saiwar tsiro. Ko da tururin ma na bar ta ta huce, ta sha iska na kwanaki a cikin tsabtataccen baho har warin ya fita.

Itace ya ci kuɗi, ba zan ɓoye muku ba. Busasshen itace a marka tsada gare shi, na naira 3,500 ya tafi a kan ƙasar da ba ta wuce baho biyu ba. Amma a lokacin na riga na yi asarar irin zamani na naira 12,000, wanda na saya da zumuɗi na ga ya kwanta a gabana. Wannan asarar har yanzu tana min zafi.

Wani abu da ya kamata ku riƙe: ƙasar da aka turara kusan fanko ce, akasarin ƙwayoyi masu cuta da masu amfani sun mutu. Duk ƙwayar da ta fara shiga ita za ta mamaye wurin ba mai tare ta. Saboda haka ba ta sake taɓa ƙasan lambu ba. Tire mai ramuka da gwangwanayen da zan yi renon a ciki na wanke su da ruwan bilic na ɗauraye, ɗan cokalin da nake ɗiba da shi ma daban na ware, kuma ban taɓa reno da hannun da na yi cirar ciyawa ba.

Sai maganar buntu, wanda ina ganin shi ne rabin nasarar. Buntun shinkafa na karɓo a injin casa, kusan kyauta. Na huda tsohon gwangwanin fenti, na sa masa bututu a sama, na kunna wuta a ciki, na tara buntun kewaye da shi. A hankali yake ci daga ciki yana yin baƙi. Da ya game sai a baje shi a kashe da ruwa nan take, in ba haka ba toka zai koma, ita kuwa ba ta da amfani a nan. Na wanke shi don rage kaifinsa. Haɗin da na yi: kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya takin shanu da ya ruɓe ya yi laushi, kashi ɗaya buntu. Ƙasar da takin tare na turara su. Ka zuba wa wannan haɗin ruwa, nan da nan ya wuce ta ƙasa, saman ya sha iska, amma ka tura yatsa ka ji danshi. Kashin kaji ban sa ba ko kaɗan, ya yi wa reno zafi.

Tiren na ɗora su a kan teburin gora mai kai wa ƙugu, ƙarƙashin rumfar nan, gefe a buɗe ta ko'ina, rufin kuma na faɗaɗa shi yadda feshi ba ya isowa. Ƙwara ɗaya a kowane rami, zurfin santimita 1. Ban-ruwa da safe kawai, kuma sai na ɗaga tire na ji ya yi sauƙi. Ranar da gari ya wuni a lumshe ba na ba su komai. Ban kuma yi amfani da ruwan da ke gangarowa daga lambu ba, na rijiya nake ɗiba.

An yi wani ruwan kwana a farkon Satumba wanda ya cika tsakar gida, har ya shafe tsohon bedin. Reno na bisa teburinsa ko gezau. Jiya na zaro ɗaya don in duba: saiwa fara sol, ta naɗe ƙasar ta fito da ita dunƙule. Wallahi sai da na kira mutanen gida suka gani. Irin tumatirin da ake kira UC82B ne na zuba a wannan karon, ba mai tsada ba, kuma ina alfahari da shi fiye da duk wani abu da na taɓa shukawa.

Sauran lambun na yi masa abin da ya sawwaƙa. Ciyawar kirikiri da na shimfiɗa a gaban ɗaki ta yi tsawo, na rage ta amma ban aske ta ƙasa ba, domin ruwa ya kusa ɗaukewa kuma doguwa ta fi jure rani. Inda ta yi sanƙo na tsinko jijiyoyi daga gefe na dasa tun ƙasa na da laima, wanda ya bari sai Nuwamba da guga zai biya. Aya-aya kuwa tono nake yi da ƴaƴanta, tsinke ganyen ɓata lokaci ne. Zogale na sare shi daidai ƙirji, yakuwa da kuɓewa na bar na iri suna bushewa, ciyawar da na cire wadda ba ta yi iri ba na tara a rami tana ruɓewa.

Yanzu hankalina ya koma kan farin ƙuda. Da ruwa ya fara ja baya yake yawaita, kuma shi ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganye ta tsugunar da shuka. Tsiron da ya kamu tun yana reno ba ya yin abin kirki. Na yafa wa teburin tsohon gidan sauro, na ɗinke hujojinsa. Ramukansa sun ɗan yi wa ƙudan faɗi, ragewa yake yi ba hanawa ba, kuma yana tare iska, shi ya sa na ɗaga shi sama sosai, ina kuma duba bayan ganye kullum. Na fara janye ledar da safe don su saba da rana, na rage ruwa, kwamin dashe kuma na canza masa wuri zuwa inda masara ta tashi, ba inda na yi attaruhu bara ba.

Albasa ce ta rage. Tana buƙatar fili mai faɗi, kuma renonta kan kai mako 6 zuwa 8 kafin dashe, turara ƙasar da za ta ishe ta zai cinye itacen da ba ni da kuɗinsa. Ina tunanin in turara ta saman kawai, kamar kaurin yatsu uku, in shimfiɗa a kan buhu bisa tudun bedi. Idan a cikinku akwai wanda ya taɓa gwada haka, ko ya ga yadda mutanen Aliero ko Galmi, garuruwan noman albasa, ke tsare renonsu a ƙarshen damina, don Allah ya faɗa min kafin in zuba a mako mai zuwa.