Darussan da aiki ya koyar kan gane tsananin ciwon hanji mai daɗewa a karnuka

Yawan zawo ba shi ne ma'aunin tsananin ciwon hanji ba. Wannan ne abu na farko da duk mai duba karnuka a Legas yake ganewa bayan ya daɗe a aikin. Karen da ke tsuga zawo kullum, yana cinye abincinsa, yana haushi da daddare, shi ake garzayowa da shi asibiti, don shi ke ɓata harabar gida. Wanda kashinsa ya ɗan yi laushi kawai, amma ƙashin bayansa ya fara fitowa, cikinsa kuma na tasowa, sai a bar shi har wata biyu ana cewa ƙiba yake yi. Sau da yawa na biyun ne ke bakin mutuwa.

Ana kiran ciwo mai daɗewa ne idan zawo, amai, rashin cin abinci ko rama sun kai mako 3 ko fiye. Kafin a ɗora laifi a kan kumburin hanji, sai an kawar da tsutsar ciki. A garin da ƙasa ba ta bushewa kamar Legas, tsutsa mai shan jini da ake kira Ancylostoma da ƙwayar Giardia suna iya kawo duk waɗannan alamu. Gwajin kashi sau ɗaya ba ya wanke kare, domin wasu tsutsotsin ba kullum suke zubar da ƙwai ba. Shi ya sa ake ba da maganin tsutsa fenbendazol, miligiram 50 ga kowane kilo, kwana 3 zuwa 5, ko da gwaji bai nuna komai ba.

Akwai ma'auni biyu na ba da maki da likitocin dabbobi ke aiki da su. Na farko, CIBDAI, ya fito a 2003 daga Albert Jergens da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka. Abu shida yake dubawa: kuzari, cin abinci, amai, kaurin kashi, yawan fita kashi, da rama. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 3. Jimillar 0 zuwa 3 ba abin damuwa ba ne, 4 zuwa 5 ciwo ne mai sauƙi, 6 zuwa 8 matsakaici, 9 zuwa sama mai tsanani. A 2007 Karin Allenspach da abokan aikinta suka fitar da CCECAI daga binciken karnuka 70 a Bern ta ƙasar Suwizalan, inda 13 daga cikinsu ciwon ya ƙi jin magani har aka kashe su don a hutar da su. Sun ƙara abu uku: adadin furotin albumin a jini, taruwar ruwa a ciki ko kumburin ƙafafu, da ƙaiƙayi. A wannan ma'aunin 9 zuwa 11 mai tsanani ne, 12 zuwa sama kuwa mai tsanani ƙwarai.

Bambancin ma'aunin biyu yana fitowa fili idan aka ɗauki misali. Kare yana da kuzarinsa, maki 0. Ya ɗan rage ci, 1. Amai sau ɗaya a mako, 1. Kashi ya ɗan yi laushi, 1, yawan fitarsa bai canja ba, 0. Ya sauko daga kilo 40 zuwa 37, wato kashi 7.5 cikin ɗari, maki 2, tunda rama tsakanin kashi 5 zuwa 10 nan take faɗawa. Jimilla 5, ciwo mai sauƙi. To a auna albumin a samu giram 13 a lita, maki 2, a ga ruwa matsakaici a ciki, wani 2. Jimilla ta koma 9. Kare ɗaya ne, rana ɗaya, amma ma'aunin da bai taɓa jini ba ya ce a je gida a canja abinci, ɗayan kuma ya ce a tashi tsaye.

Maki shida na farko galibi daga bakin mutum ake samunsu, kuma a nan aikin ke lalacewa. A gidajen Ikoyi, Lekki da Magodo mai karen ba shi ke ba shi abinci ba, ba shi ke kwashe kashi ba. Maigadi ne ko yaron gida, kuma da yawa daga masu gadin nan 'yan Arewa ne. Idan aka tambayi maigida, abin da ya hango ta taga zai faɗa. Idan aka ce wa maigadi "Malam, ya jikin karen?" amsar ladabi za a samu, ba adadi ba. Tambayar da ke aiki ita ce: "Malam, jiya daga asuba zuwa dare sau nawa ya yi kashi? Ana iya ɗaukarsa da shebur ko sai an wanke da ruwa? Kwanon abincin ya cinye duka ko ya bar rabi?" A bar masa takarda mai layi bakwai ya riƙa yin alama, ya kuma ɗauki hoton kashin da waya. Wanda ba ya son kusantar kashin kare, hoto daga nesa ya wadatar. Hoton yana raba zawon ƙaramin hanji, mai yawa da ruwa, wanda ke tafiya da rama, da na babban hanji, wanda ke fita kaɗan-kaɗan da yunƙuri da majina da jan jini. Na biyun ya fi tayar da hankalin masu gida, amma galibi ya fi jin canjin abinci. Baƙin kashi mai yauƙi kamar kwalta alama ce ta jini daga saman hanji ko tumbi, ba a jira da shi.

Sikeli ma yana ruɗi. Lita ɗaya ta ruwa a ciki kusan kilo ɗaya ce, don haka kare na iya zubar da nama kilo 3, ya tara ruwa lita 3, sikeli ya ce bai canja ba. Hannu ne ke kama wannan: a shafa gefen ƙashin baya, saman kai, kafaɗa da cinya. Idan nama ya lotsa a waɗannan wurare alhali ciki ya yi tulu, an gama magana.

Albumin shi ne gwajin da ya fi cancantar kuɗin mai kare. Furotin ne da hanta ke yi, shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. Hanjin da ya kumbura, ko wanda magudanan ruwan kitsensa suka buɗe, yana zubar da shi cikin kashi. Binciken 2007 ya nuna ƙasa da giram 20 a lita yana tafiya da mummunan ƙarshe, kuma idan ya sauka wajen 15 ruwa kan fara taruwa a ciki, a ƙirji, ko a ƙafafu. Wasu ɗakunan gwaji da giram a desilita suke rubutawa, a wurinsu 2.0 shi ne 20. Amma kafin a ce hanji ne ke zubarwa, sai an duba fitsari, a ga ko ƙoda ce ke yoyo, a kuma duba aikin hanta, a ga ko ita ce ta daina yi.

Kurakurai uku ake yawan yi da wannan lamba a Legas. Ɗaya, auna jimillar furotin kawai. A zubar hanji albumin da gulobulin, ɗaya furotin ɗin jini, tare suke sauka, amma cutar kaska ta Ehrlichia, wadda ta cika gari, tana ɗaga gulobulin. Karen da ke ɗauke da duka biyun jimillarsa na iya fitowa daidai alhali albumin ya faɗi ƙasa. Dole a raba su, a kuma duba ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda Ehrlichia ke ragewa. Biyu, kai jinin kare ɗakin gwajin mutane ba tare da tambayar hanyar da suke bi ba. Rinin da ake kira BCP yana nuna albumin na kare ƙasa da yadda yake, BCG ne ya dace. Uku, aunawa lokacin da kare ya bushe da rashin ruwa: jini ya yi kauri, lamba ta hau, bayan ƙarin ruwa sai gaskiya ta fito. Saboda haka lamba ɗaya ba ta isa ba. A maimaita bayan mako 1 zuwa 2, a wuri ɗaya, da na'ura ɗaya. Albumin 17 da ya taso daga 13 labari ne mai daɗi, 17 da ya sauko daga 22 kuwa akasin haka ne.

Ƙara wa karen da albumin ɗinsa ya faɗi ruwan jini don ɗaga albumin zuba ruwa ne a rariya. Yana iya sayen kwana ɗaya ko biyu kafin a yi wani aiki, ba ya gyara yoyon. Haka zuƙe ruwan ciki duka: sai dai idan ya hana numfashi, domin zai dawo, kuma an zubar da ɗan furotin da ke cikinsa.

Abin da ke kashe waɗannan karnuka ba safai zawon ba ne. Tare da albumin suna zubar da antitirombin, furotin da ke hana jini daskarewa a cikin jijiya, sai gudan jini ya toshe huhu ko jijiyar ƙafafun baya. A koya wa mai kula da kare ƙirga numfashi yana barci: ƙasa da 30 a minti shi ne daidai, idan ya wuce haka yana hawa a kira likita a daren. Kalshiyam, maganiziyam da bitamin D su ma suna sauka, kuma ƙarancin bitamin D ɗin an ga yana tafiya da mummunan sakamako. Rawar jiki, goga fuska a ƙasa ko farfaɗiya a karen da ke zawo alamun kalshiyam ne. A kula da kwalbar da aka zuba jinin: mai murfi ruwan hoda zuwa shunayya, wadda ke da EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, tana kama kalshiyam, ko ɗigonta ya shiga samfur sai sakamako ya fito ƙasa ƙwarai, fotashiyam kuma ya hau. Ƙarancin kolestarol da ƙarancin farin jini na limfosait a takardar gwaji ɗaya da ƙarancin albumin suna nuni ga buɗewar magudanan kitse, kuma wannan ke sa a yanke kitse daga abinci tun ranar farko.

Kobalamin, wato bitamin B12, a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotsarsa, don haka ƙarancinsa yana nuna inda ciwon ya kai. Ƙasa da nanogiram 200 a lita an danganta shi da mummunan ƙarshe, likitoci da yawa ma suna fara ƙarawa tun lamba na wajen 400. Matsalar ita ce kusan duk karen da ya ƙi cin abinci an riga an yi masa allurar bitamin kafin ya iso, sai lambar ta fito lafiya lau. A tambaya kafin a ɗebi jini. A ɗiba bayan azumin awa 8 zuwa 12, a raba ruwan jini da wuri, a rufe shi daga haske, a sa a ƙanƙara. Samfurin da ya kwana a cunkoson gadar Third Mainland cikin zafi ƙwayoyinsa na fashewa, fashewar kuma tana ɗaga adadin bitamin folet, tunda jajayen ƙwayoyi cike suke da shi. Idan an tabbatar da ƙaranci, allura ce mako-mako har sau 6, sai ɗaya bayan wata, sai sake gwaji bayan wata guda. Ƙwaya ta baki kullum ita ma tana aiki. A nau'in kare Alsashiyan, wanda ake yawan ajiyewa don gadi, ƙarancin kobalamin da rama tare da yawan ci na iya zama gazawar fankiriyas wajen fitar da ruwan narkar da abinci. Gwajin TLI ke rabewa, ƙasa da maikurogiram 2.5 a lita ya tabbatar, kuma maganinsa daban ne gaba ɗaya.

CRP, wani furotin da ake aunawa a jini, yana hawa da kowane irin kumburi a jiki: ciwon haƙori, ƙurji, cutar kaska. Amfaninsa bibiyar kare ɗaya ne a kan magani, da gwajin da aka tabbatar yana aiki a kan karnuka. Gwaje-gwajen kashi irin su kalfurotektin, da ma'aunin rikicewar ƙwayoyin hanji na ɗakin gwajin Jami'ar Texas A&M, suna da amfani a bincike, amma kuɗin aika samfur a daskare ya fi kyau a kashe shi a maimaita albumin sau uku. Sinadarin kotisol na jini kuwa ya cancanci a auna sau ɗaya: sama da maikurogiram 2 a desilita ya kawar da cutar Addison, wato ƙarancin wannan sinadari, wadda ke kwaikwayon ciwon hanji har da ƙarancin albumin.

A sikanin, kaurin bangon hanji ba abin dogaro ba ne. Fararen layuka da ke ratsa fatar cikin hanji sun fi shi magana, don suna nuna buɗaɗɗun magudanan kitse. Yankar ɗan tsoka daga hanji don gwaji ita ma ba kullum take dacewa da yadda kare ke ji ba, duk da ƙa'idojin karatunta da ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta fitar a 2008. Babban amfaninta raba kumburi da sankarar limfoma, kuma firednisolon, maganin danne kumburi, da aka fara kafin a yanka na iya ɓoye sankarar. Idan albumin ya yi ƙasa, ɗauka ta na'urar leƙa ciki ta fi tiyata aminci, saboda ɗinkin hanji na iya ƙin kamawa, kuma a nemi samfur daga ƙarshen ƙaramin hanji, ba farkonsa kaɗai ba.

Yadda kare ya amsa magani shi kansa ma'auni ne. Fiye da rabin waɗannan karnuka canjin abinci kaɗai ke gyara su, galibi cikin mako 2, musamman matasa masu albumin daidai. Amma kafin a rubuta cewa kare bai ji abinci ba a haura da shi zuwa magungunan danne garkuwar jiki, a bincika abin da ya shiga bakinsa a waɗannan kwanaki 14. Kayan ciki da kitse daga mayankar Oko-Oba, ragowar shinkafa da miya daga kicin, guntun tsire da wani ya jefa masa don tausayi, ko Flagyl da aka saya a kemis aka ɗura masa ba a faɗa ba, kowannensu ya isa ya ɓata gwajin. Idan haka ta faru, kuma albumin na sama da 20, kare na ci, sai a sake kwana 14 daga farko, a wannan karon a zaunar da duk wanda ke shiga harabar a yi masa bayani. Idan albumin na ƙasa da 15 ba a jira zagaye na biyu: abinci maras kitse, kobalamin, maganin hana gudan jini da shawarar yankar tsoka duk a mako ɗaya ake tsara su.