Ashe ni ne na kulle ƙofar

Tun da sassafe na zauna gaban kwamfuta da niyyar gabatar wa injunan bincike irin su Google shafin darussan lissafin da na kwashe wata uku ina ginawa, ina tsammanin aikin ba zai wuce rabin sa'a ba, amma har rana ta faɗi ina nan zaune.

Na fara da duba fayil ɗin robots.txt, wato ɗan ƙaramin rubutun da ake ajiyewa a tushen shafi domin manhajojin da ke yawo a intanet suna tattara bayanai su san inda aka yarda su shiga da inda aka hana su, tsarin da ake amfani da shi tun 1994. Layi biyu kacal na tarar a ciki, na biyun kuwa yana cewa "Disallow: /". Wannan ɗan karan da ya karkata a ƙarshe ma'anarsa ita ce kada a taɓa ko ina a shafin. Da hannuna na rubuta shi a makon farko don kada a ga aikin da bai kammalu ba, daga baya na manta da shi sam. Da na gabatar da shafin a haka, da na zama mutumin da ya gayyaci baƙi sannan ya garƙame ƙofa ya tafi da mabuɗi a aljihu. Bayan na goge layin sai zuciyata ta ƙi kwanciya, na shiga saitin WordPress, manhajar da na gina shafin da ita, na kuwa iske akwatin da ke roƙon injunan bincike su ƙyale shafin har yanzu da alama a cikinsa, kuma shi ne ke liƙa wa kowane darasi umarnin noindex. Sai yau na fahimci bambancin su biyun sosai: layin robots.txt yana hana shiga ne, noindex kuma yana barin a shiga a karanta, amma ya hana a nuna shafin cikin sakamakon bincike.

Da hantsi na koma kan take, wato sunan kowane darasi da ke fitowa a sakamakon bincike. Cikin darussa 42 da nake da su, 17 suna ɗauke da take iri ɗaya, abin da ya ba ni kunya ƙwarai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta wa kowanne nasa, ina ƙoƙarin kada ya wuce haruffa sittin ko kusa da haka, tunda mai tsawo akan datse masa wutsiya a sakamakon bincike. Gurbin jera muhimman kalmomi kuwa ban ɓata lokaci a kansa ba, domin tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da shi wajen jera shafuka.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne haruffa masu lanƙwasa. Darasin ƙidaya, da na kwafi adireshinsa na liƙa a wani wuri, sai ya fito da "%C6%99idaya", domin haka ake sauya harafin ƙ a cikin adireshi. Injunan bincike suna iya karanta wannan ba tare da matsala ba, amma a ganina mutumin da aka tura wa irin wannan adireshi zai yi shakkar latsa shi. Saboda haka na mayar da adireshin da haruffa marasa lanƙwasa, na bar ƙ da ɗ da ɓ a cikin rubutun darussan yadda suke, sannan na sa wa tsofaffin adireshin umarnin 301 don duk wanda ya bi su a kai shi sabon wurin, kada ya ci karo da kuskuren 404, saƙon da ke nuna ba a sami shafin ba. Na kuma tabbatar alamar harshen shafin tana cewa "ha", domin ashe Ingilishi take nunawa tun farko.

Taswirar shafi, wato fayil ɗin da ke jera wa injunan bincike adireshin shafin, ba ta ba ni wahala ba. Ƙa'ida ta yarda fayil ɗaya ya ɗauki adireshi har 50,000, ni kuwa nawa 42 ne. Da yamma na shiga Google Search Console, inda masu shafuka ke gabatar wa Google shafukansu, na tabbatar da cewa shafin nawa ne ta hanyar ƙara wani ɗan layi a bayanan DNS, wato saitin sunan shafin a intanet, na miƙa taswirar, sannan na shiga Bing Webmaster Tools, takwaransa na injin binciken Bing, na janyo bayanan daga Search Console kai tsaye. Gabatarwar da na ɗauka ita ce aikin yau ba ta kai minti goma sha biyar ba.

Yanzu allon yana nuna an karɓi taswirar kuma an ga adireshi 42, amma ko ɗaya bai shiga rumbun bincike ba tukuna, kuma hakan yakan ɗauki kwanaki ko ma makonni. Kafin in rufe kwamfuta na buɗe shafin a wayata, tunda fasalin waya Google ke fara dubawa, sai na ga jadawalin sau ya fita daga gefen allo, layin tara da na goma ba sa ganuwa. Da shi zan fara gobe, sannan in rubuta wa hotuna bayaninsu.