Abin da bin sawun duwatsun sararin samaniya ya koya mini

Da wuya mako ya wuce ba a ga labari a intanet ba cewa masana sun gano wani sabon dutse a sararin samaniya, kuma gobe ko jibi zai gifta kusa da duniya. Masu karantawa sukan rabu biyu, wasu hankalinsu ya tashi, wasu su ce kullum haka ake faɗa ba a ga komai ba. Dukansu biyun ba a ba su abin da za su auna labarin da shi ba. Wanda ya zauna ya karanci fannin, farkon abin da yake koya shi ne kada ya karɓi kalmar "kusa" sai an gaya masa kilomita nawa.

A wurin masana, ana sa dutse cikin "masu yiwuwar haɗari" idan faɗinsa ya kai kimanin mita 140, kuma hanyar da yake bi wajen kewaya rana ta zo cikin tazarar kilomita miliyan 7.5 daga hanyar duniya. Tsakaninmu da wata kilomita 384,400 ne. Ke nan dutse zai iya wucewa a nisan da ya ninka na wata kusan sau 20, a kuma kira shi na kusa. Taurarin ɗan'adam da ke kawo mana hotunan talabijin suna kilomita 35,786 sama da ƙasa. Da waɗannan adadi biyu a kai, mutum zai iya tace yawancin labaran. Wanda ya shigo tsakaninmu da wata ya cancanci a duba shi, wanda ya ratso ƙasa da taurarin ɗan'adam ya zo kusa da gaske. Akwai irinsu: wani ƙarami mai suna 2023 BU ya gifta kilomita 3,600 kacal sama da kudancin nahiyar Kudancin Amurka a Janairun 2023.

Yadda ake gano su ma akwai darasi a ciki. Na'urorin hangen nesa na Catalina a Arizona, da Pan-STARRS a Hawaii, da ATLAS mai rassa a Hawaii da Chile da Afirka ta Kudu, suna ɗaukar hoton yanki ɗaya na sama kamar sau huɗu cikin rabin sa'a zuwa sa'a guda. Taurari suna nan inda suke a duk hotunan. Idan wani ɗigon haske ya matsa daga hoto zuwa hoto, kwamfuta ta nuna shi, mutum ya duba ya tabbatar ba tartsatsin na'ura ba ne, sai a aika awon zuwa cibiyar da ke tattara bayanan waɗannan duwatsu a Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka. Daga nan a sa shi a shafin da masu na'urori a duk duniya ke dubawa, wanda dare ya yi wa ya ɗora daga inda wancan ya tsaya. Matsalar tana nan: ɗigo huɗu cikin sa'a guda sun nuna inda dutsen yake a fuskar sama da inda ya nufa, amma ba su faɗi nisansa da kyau ba. Ƙaramin dutse a kusa da babban dutse a nesa suna iya yin kama da juna a daren farko. Idan hadari ya rufe sama kwana biyu ko uku, ko farin wata ya dushe shi, ana iya rasa shi gaba ɗaya, kuma an rasa da yawa ta wannan hanya.

Babu misalin da ya fi wani dutse mai suna 2024 YR4 koyar da karatun adadi. Sunan kansa kwanan wata ne: harafin Y na nufin rabin Disamba na biyu, R4 kuma na nufin shi ne na 117 da aka ba suna a wannan rabin watan. Na'urar ATLAS ta Chile ce ta gan shi ranar 27 ga Disamba 2024, kwana biyu bayan ya riga ya wuce mu a nisan da ya ɗan haura ninki biyu na nisan wata. Da aka lissafa hanyarsa, sai aka ga zai dawo kusa ranar 22 ga Disamba 2032. A ƙarshen Janairun 2025 yiwuwar ya faɗo mana ta haura kashi 1 cikin 100, wanda shi ne mizanin da ke sa ƙungiyar gargaɗi ta ƙasa da ƙasa ta fitar da sanarwa. Aka ba shi mataki na 3 a ma'aunin Torino na auna haɗarin faɗowar irin waɗannan duwatsu, mai hawa daga 0 zuwa 10. Layin wuraren da zai iya sauka ya taso daga gabashin tekun Pasifik, ya ratsa arewacin Kudancin Amurka da tekun Atlantika, ya shigo Afirka ta wajen Najeriya har Sudan da Habasha, ya wuce Indiya. Don haka maganar ta shafe mu kai tsaye.

Adadin ya yi ta hawa, ya wuce kashi 2, har ranar 18 ga Fabrairu hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sa shi a kashi 3.1. Cikin mako guda bayan haka ya zube ya koma kusan babu. Mutane da yawa suka ɗauka masana sun yi kuskure ne suka gyara, ko kuma an ɓoye wani abu. Ba ko ɗaya. A ɗauka an ja dogon layi a ƙasa, an ce dutsen zai bi ta wani wuri a kan layin nan amma ba a san ina ba, duniya kuma ɗan ƙwallo ce a gefe guda na layin. Duk sabon awo yana gajarta layin. Muddin ƙwallon na cikin abin da ya rage, rabonta na ƙaruwa, domin layin ya ragu ita ba ta ragu ba. Ranar da layin ya gajarce har ya bar ta a waje, adadin sai ya faɗi tashi ɗaya. Dutsen bai canja hanya ko da taku ɗaya ba tsakanin Janairu da Fabrairu. Saninmu ne ya ƙaru. Har farin watan tsakiyar Fabrairu ya sa hannu a labarin, don ya hana a ga dutsen na wasu kwanaki, da sama ta sake yin duhu ne awon da ya warware maganar ya shigo. A ganina duk wanda zai ba jama'a irin wannan adadi, wajibi ne ya haɗa da bayanin cewa hawa kafin faɗuwa shi ne abin da aka saba gani. In bai yi ba, ya tsorata mutane a banza, kuma ran da gargaɗi na gaskiya ya zo ba za su saurare shi ba.

Girman dutse kuma hasashe ne a farko, ba awo ba. Na'ura ba ta ganin siffarsa, haske kawai take gani. Dutse mai baƙi kamar gawayi yana mayar da kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana da ya sauka a kansa, mai haske yana mayar da kashi 25 ko fiye. Haske ɗaya zai iya fitowa daga ƙaramin dutse mai ƙyalli ko babba mai duhu, shi ya sa aka fara cewa 2024 YR4 yana tsakanin mita 40 da 90. Tazarar ta fi yadda take a ido, domin nauyi yana bin tsawo da faɗi da kauri a lokaci guda. Mai mita 90 ya fi mai mita 40 nauyi fiye da sau 11, ƙarfin fashewarsa ma haka. Sai da na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta auna zafin da yake fitarwa a Maris 2025 aka tsayar da shi a kimanin mita 60. Wannan shi ne ajin wanda ya fashe a saman Tunguska ta Siberiya ranar 30 ga Yuni 1908, ya kwantar da bishiyoyi a fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000. Irinsa zai iya rusa birni in ya dace da birni, amma ba zai halaka duniya ba, kuma mafi yawan fuskar duniya ruwa ne da wuraren da babu mutane.

Darasin da ya fi zauna mini a rai ya faru a rana guda, 15 ga Fabrairu 2013. Masana sun shekara suna jiran wani dutse, 2012 DA14, da zai gifta kilomita 27,700 sama da ƙasa a wannan rana. Ya zo ya wuce daidai yadda aka lissafa. Amma sa'o'i kafin haka, da safe, wani daban mai faɗin mita 18 zuwa 20 wanda babu wanda ya san da shi ya shigo saman Chelyabinsk a Rasha da gudun kilomita 19 a daƙiƙa, ya tarwatse a tsayin kimanin kilomita 30 da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima wajen sau 30. Ba a gan shi ba saboda ta wajen rana ya ɓullo, na'urar ƙasa kuwa ba ta aiki da rana tsaka. Kimanin mutum 1,500 suka je asibiti, gine-gine sama da 7,000 suka lalace. Dutsen da kansa bai sami kowa ba. Haske ya fara zuwa, ya fi na rana, mutane suka tashi daga kujerunsu suka je taga su ga abin da ya faru. Sauti kuwa yana cin kilomita ɗaya ne a daƙiƙa uku, don haka bugun iskar bai iso ba sai bayan minti ɗaya da rabi zuwa uku, ya tarar da su fuska a jikin gilashi. Duk wanda ya ga irin wannan haske a sama, ya nisanci taga da ƙofar gilashi, ya duƙa ya kare fuskarsa, ya jira aƙalla minti biyar.

Ba a kullum ake makara ba. Karo na farko a tarihi da aka ga dutse tun yana sarari aka kuma faɗi inda zai sauka, a Sudan ne. Richard Kowalski na Catalina ya gano 2008 TC3 ranar 6 ga Oktoba 2008, faɗinsa kimanin mita 4. Cikin ƙasa da kwana guda masu na'urori a ƙasashe daban-daban suka tara ɗaruruwan awo, aka faɗi wuri da lokaci. Da asubahin 7 ga Oktoba ya fashe a tsayin kilomita 37 sama da hamadar Nubiya, wani matuƙin jirgin KLM da aka sanar da shi ya hango walƙiyar daga sararin Chadi. A Disamba, Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens suka kwashi ɗalibai zuwa hamadar. Suka jera su sahu guda, kowa da 'yar tazara tsakaninsa da na kusa da shi, suna tafiya a hankali ido a ƙasa, suna neman baƙin tsakuwa mai ƙonannen ɓawo a kan rairayi. A ƙarshe an tsinci gutsattsari kimanin 600 masu nauyin kilo 10 da rabi, aka kira su Almahata Sitta, wato tasha ta shida, sunan tashar jirgin ƙasa da ke kusa. Daga dutse mai nauyin tan da dama wannan ne abin da aka samu a ƙasa, iska ta cinye mafi yawansa. Haka take yi wa duk ƙananan da ba su wuce 'yan mitoci ba, sai dai guntu ya tsira, kamar mai kilo 18 da ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, wanda daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito.

Game da kare kai, komai ya rataya ne a kan lokaci. Duniya tana tafiya kilomita 30 a daƙiƙa, tana wuce tsawon faɗinta cikin kimanin minti bakwai. Don haka ba sai an farfasa dutse ba, a sa shi ya makara ko ya yi sammako da 'yan mintuna ya isa. An gwada hakan ranar 26 ga Satumba 2022, lokacin da kumbon DART mai nauyin sama da rabin tan ya daki Dimorphos, dutse mai faɗin mita 150 zuwa 160, da gudun kilomita 6 a daƙiƙa. Kewayen da yake yi wa babban ɗan'uwansa Didymos, wanda a da yake ɗaukar sa'a 11 da minti 55, ya ragu da kusan minti 33, fiye da yadda nauyin kumbon kaɗai zai bayar, domin ƙura da duwatsun da suka fantsama sun ƙara tura shi. Duk da haka canjin gudun bai kai milimita 3 a daƙiƙa ba. Canji na santimita ɗaya a daƙiƙa yana zama fiye da kilomita 3,000 bayan shekara goma, amma a wata guda bai kai kilomita 30 ba. Dabarar tana aiki ga dutsen da aka gano shekaru kafin zuwansa, wanda aka gano saura mako kuwa sai dai a kwashe mutane. A nan ne damuwata take: an gano fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan da suka kai kilomita ɗaya, amma masu mita 140 zuwa sama ba a kai ga rabinsu ba. Na fi son a zuba kuɗi a kan na'urorin nema, irin Vera Rubin da ta fara fitar da hotuna daga Chile a Yunin 2025, da kumbon NEO Surveyor da ake haɗawa don ya duba wajen rana daga sarari, fiye da a kan labarin makaman harbo duwatsu.

Akwai wanda za mu gani da idonmu, in Allah ya kai mu. Apophis, mai faɗin kimanin mita 340, an gano shi a 2004, kuma a Disambar wannan shekara yiwuwar ya faɗo a 2029 ta kai kashi 2.7 cikin 100 kafin tsofaffin hotunan sama da aka gano shi a cikinsu su kawar da ita. Awon rada na 2021 ya tabbatar babu haɗarinsa na aƙalla shekara 100. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029 zai wuce kimanin kilomita 32,000 sama da ƙasa, ƙasa da taurarin ɗan'adam na talabijin, kuma Afirka na cikin wuraren da za su fi ganinsa. Mafi kusancinsa zai zo wajen ƙarfe 11 saura kwata na dare agogon Najeriya da Nijar, a daren da babu farin wata. Wanda ya fita bayan gari, nesa da fitilu, zai gan shi kamar matsakaicin tauraro da ke rarrafe a hankali tsakanin sauran, ba wutsiya, ba ƙara.