Bakin hijabin da na tauna har ya huje

Ranar da na fara shiga aji a kwalejin ilimi, hijabina shuɗi ne har ƙasa, irin na Islamiyyarmu a wani ƙauye kusa da Ringim. Baba ya sayo yadin a Kantin Kwari, telan unguwa ya ɗinka. 'Yan birni kuwa abaya da mayafi, wasu ɗan hijabi mai sheƙi launin takalminsu. Kowacce a rufe take, amma ni ji nake kamar an rubuta mini "baƙauyiya" a goshi.

Shekara guda cur a kujerar baya na yi ta. Malami na jefo tambaya, ko na san amsa, sai gabana ya kama dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe, in cusa bakin hijabi a baki in yi ta tauna. Da na je hutu Inna ta ga hujin, ta yi dariya ta ce, "Kunya ai adon mace ce." Na ji daɗi kuwa, ta raɗa wa tsorona suna mai kyau.

Malamar Islamiyyarmu ce ta ƙi yarda. "'Yata, wannan ba kunya ba ce. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Taki kuwa ɗaga hannu ma ta hana ki." Ta sa ni biya wa ƙananan yara karatu duk tsawon hutun. Kwana uku na farko 'yan sahun gaba kaɗai ke jin muryata, na baya suna ta kokawa. Haushinsu ne ya fara buɗe mini maƙogwaro.

Kafin koyarwar gwaji na sa aka ɗinka mini hijabi mai hannu, don na dā naɗe mini hannu yake in zan yi rubutu a allo. Alli a dama, littafi a hagu, ba hannun da zai kai hijabi baki.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wata mai abaya da aka tura mu firamare ɗaya ta ce tun shekarar farko take kauce mini, wai in ta ga dogon hijabina sai ta ji kamar zan yi mata wa'azi. Muka yi ta dariya a ƙarƙashin darbejiya.

Har yau gabana na faɗuwa in zan yi magana cikin manya. Tsohon shuɗin nan kuwa Inna ta ɗinke hujin, da shi nake sallar asuba.