Unguwannin da kuɗin bida ya gina a Tawa

Tun bayan bikin ranar Jamhuriyar Nijar na 18 ga Disamba 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tahoua Sakola, garin Tawa ya sake fuska. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilun kan hanya, gonakin gero da ke bakin gari kuma aka yanka su filaye-filaye, suka zama unguwannin masu hannu da shuni. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 150,000 a birnin, kuma ko makaho ya san an ƙaru tun daga lokacin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, akasarin kuɗin da ya tayar da waɗannan gidaje ba a Tawa aka same shi ba. Adarawa sun daɗe da sanin hanyar bida, wato tafiya neman kuɗi a ƙasashen waje, daga Abijan zuwa Libiya, kuma wanda Allah ya buɗa wa a can, burinsa na farko shi ne ya gina gidan siminti a garinsu. Shi ya sa za ka ga bene mai katanga doguwa da ƙofar ƙarfe, ga farantan hasken rana a kan rufi, amma maigidan sai da salla ake ganinsa. Mazauna gidan su ne matansa da 'ya'yansa da tsohuwarsa, sai ɗan ƙane da aka kawo daga ƙauye domin karatu. Cefanen wata kuwa yana jiran saƙon Nita ko Amana, kamfanonin aika kuɗi, kuma idan kasuwa ta yi sanyi a Abijan, nan take tukunya take shaidawa. Gine-ginen da suka tsaya a tsayin taga shekara da shekaru, bulo ya yi baƙi, ciyawa ta fito a cikin ɗakuna, su ma suna ba da wannan labarin.

Kusa da su akwai ma'aikatan gwamnati da malaman jami'ar da aka kafa a 2010, waɗanda yawancinsu haya suke yi. Kuɗinsu bai kai na 'yan kasuwa ba, amma yana zuwa kowane wata, kuma a ganina iyalansu sun fi ƙanƙanta. Wannan ya dace da yadda haihuwa take raguwa a ƙasar, daga matsakaicin 'ya'ya 7.6 ga kowace mace a 2012 zuwa 6.2 a 2021.

Wanda ba a cika lissafawa ba shi ne maigadin da ke kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa, da yarinyar da ke tahowa da asuba ta yi shara da wanke-wanke. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jika 42 na sefa a wata daga farkon 2024, amma ina shakkar ko masu aikin gida da yawa suna ganin wannan adadi, kuma hakan yana damuna ƙwarai. Wasu daga cikinsu 'ya'yan manoman da suka sayar da waɗannan gonaki ne. Kuɗin filin ya ƙare a aure da magani, farashin ƙasa ya wuce ƙarfinsu, samarin gidan kuma suna tara kuɗin motar Abijan.