Kalmomi Huɗu da Suka Kai Ni Sito

Ranar Juma'a zan miƙa katin aikina, bayan shekara 6 ina tafinta tsakanin injiniyoyin China da ma'aikatanmu. Ƙannena da za su gaje ni sun ce in bar musu wani abu a rubuce. To, ga shi.

A shekarata ta biyu shugaban direbobinmu ya aurar da 'yarsa, ya gayyaci babban injiniya walima. Mutumin ya ji daɗin karramawar, ya karɓi lasifika, ya yabi amarya da wani salon magana nasu mai kalmomi huɗu: qing guo qing cheng. Ni kuwa na juya shi yadda ya zo. Na ce, "Ya ce kyan amarya irin wanda ke rusa gari ne, ya kifar da ƙasa."

Wurin ya yi tsit. Gwaggon ango ta ajiye kofin zoɓonta, ta ce da ƙarfi, "A'uzubillahi! Farar ƙafa ke nan yake nufi?" Na ga uban amarya ya sunkuyar da kai. Har yau ina ganin wannan sunkuyawar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san asalin maganar. Wani mawaƙin fada, Li Yannian, shi ya yi wa Sarki Wu na daular Han, wanda ya hau mulki a shekara ta 141 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), waƙar wata mace da kallonta ɗaya ke kayar da birni, na biyu ya kayar da ƙasa. 'Yar'uwarsa yake nufi, kuma sarki ya ɗauke ta. A bakin ɗan China na yau wannan yabo ne tsantsa, ba ya jin rugujewar komai a ciki. A kunnen Bahaushe kuwa, ranar aure, mugun fata ne. Da na ce "son kowa ƙin wanda ya rasa", da tafi za a yi.

Shugaban sashenmu shi ne kullum yake cewa, "Kalma da kalma, ba ƙari ba ragi." Ya taɓa yi mini tsawa a gaban leburori don na sassauta wata magana. Amma da abin ya fashe, sai ya rubuta cewa ban iya aiki ba. Aka yanke mini rabin albashi, aka tura ni sito ina ƙirga buhunan siminti wata huɗu. Bai taɓa cewa koyarwarsa na bi ba. Na je gidan uban amarya ni kaɗai na ba da haƙuri, ya ce, "Ɗana, ya wuce." Shi shugaban sashen har yau bai taka ƙafa ba.

A siton nan na haddace sauran irin waɗannan maganganu na yabon kyawawan matan China na da: Xi Shi da kifi ya nutse don ganinta, Wang Zhaojun da dinya ta faɗo daga sama, Diaochan da wata ya ɓuya mata, Yang Guifei da furanni suka ji kunyarta. Ita ta ƙarshen, matar sarki ce, a shekarar 756 sojoji suka tilasta aka kashe ta, suna ɗora wa danginta laifin tawayen wani janar, An Lushan. Ashe gwaggon ango ba ta yi nisa da tarihi ba.

Ku tambayi mai jawabi abin da zai faɗa kafin ya miƙe. Umarnin da aka ba ku da baki, ku nemi a rubuta. Tun daga ranar na yi tafinta a bukukuwa tara, kuma iyalan da kansu suke cewa a turo ni.