Rigar Girkawa da na ɗinka wa ƙanwata

Ƙanwata ce ta turo min hoton, ta ce: "Yaya, irin wannan nake so ranar dinata." Tsohuwar riga ce mai suna Delphos, wadda Mariano Fortuny da matarsa Henriette suka fara fitarwa a birnin Venice wajen 1907. Sun ɗauko fasalinta ne daga wani mutum-mutumin tagulla na matuƙin keken doki da aka tono a Delphi ta ƙasar Girka a 1896. Doguwa ce sambal, ƙananan tattara tun daga kafaɗa har idon sawu.

Na ga kamar ba wuya. Ai rigar Girkawan dā, wadda suke kira kiton, falle biyu ne kawai a haɗe a kafaɗa, sai ɗamara a ƙugu. Na shiga Kantin Kwari na sayo yadi mai sheƙi amma mai tauri, na yanka, na bi da keke. Da ta saka, sai rigar ta tsaya ƙiƙam, ta ƙi bin jiki. Yadi shida suka tafi a banza, kuma raina ya ɓaci sosai.

Karo na biyu na ajiye almakashi. Na samo yadi mai laushi da nauyi, na rataya shi a kafaɗarta kamar yadda 'yan Maiduguri ke naɗa lafaya, ina kallon inda yake zubowa da kansa. Nan na riƙa kama tattarar da allura da zare, ɗaya bayan ɗaya, har kwana huɗu. Haka Madame Grès, wata shahararriyar mai ɗinkin kayan mata, take yi a Faris a zamaninta, a jikin mace take gina rigar da hannu, kuma sai da yatsuna suka yi tsami na gane dalilinta.

Fortuny yana jera duwatsun gilashi na Murano, wani tsibiri kusa da Venice, a gefen rigarsa. Da na zaci ado ne, ashe nauyinsu ke jan siliki ya kwanta. Ni ma na jera ƙananan duwatsu a gefe da gefe. Kafin kalmasa kuma na bar rigar a rataye kwana guda, don irin wannan yadi yana ƙara tsawo.

Hannu dai na ƙara mata dogo, domin ba za ta shiga gaban surukai kafaɗa a waje ba. Ragowar yadin ta yafa shi ya zama mayafi, irin yadda matan Rum na dā suke ɗora mayafinsu mai suna palla a kan doguwar rigarsu.